Sangartacce, Kangararre, Fanɗararre: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kalmomin Tarbiyya

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke, wato taɓarɓarewar tarbiyyar matasa da abin da magabata suka ce a kai. An zaɓi huɗu, an taƙaita su.

Wata malamar sakandare ta rubuto: "Malam, duk yaron da ya addabe mu, wani ya ce kangararre ne, wani ya ce sangartacce, wani ya ce fitsararre. Shin duk ma'anarsu ɗaya?"

Malama, ba ɗaya ba ce, kuma yi musu kuɗin goro yana cikin abin da ke hana gyara ci. A ƙira dai 'yan gida ɗaya ne. Dukkansu siffofi ne da aka ciro daga aikatau ta hanyar ninka baƙin ƙarshe, kamar yadda rubuta ta ba da rubutacce, karya ta ba da karyayye. Wannan ƙira tana nuna aikin da ya riga ya auku har ya bar alama. Amma aikin da ya auku a kan kowane ɗayansu daban ne.

Sangartacce shi ne yaron da aka saba masa da samun duk abin da ya nema, ba a taɓa ce masa a'a an tsaya a kai ba. Ki lura, sangarta aikatau ne mai neman karɓau, wato wanda aikin ya faɗa a kansa: mukan ce "kakarsa ta sangarta shi", ko "sun sangarta 'yarsu". Ke nan duk inda aka ga sangartacce, akwai babban da ya yi aikin. Sau da yawa ma abin da ke kawo ta shi ne rashin haɗin baki a gida, ko da gatan bai yi yawa ba: uba ya hana, uwa ta miƙa a ɓoye, ko uwa ta tsawata, uba ya ce a ƙyale masa ɗa. Shagwaɓa ta fi sauƙi. Ita ta ƙaramin yaro ce, ta narke murya da langaɓewa, kuma takan wuce da kanta. Wadda ta bi yaro har ya mallaki hankalinsa ita ce ta zama sangarta. Maganinta dokoki kaɗan, biyu ko uku, waɗanda kowane babba a gidan ya sani, tare da hukuncin da aka sanar tun kafin a yi laifin. Inda iyaye suka fi faɗuwa shi ne kwanakin farko, domin rigimar yaron ƙaruwa take kafin ta ragu, yana gwada ko da gaske ake. Wanda ya janye a lokacin ya koya masa cewa ƙara kuka yana biya.

Kangararre kuwa ya taurare, faɗa da duka sun daina ratsa shi. Galibi ta kishiyar hanyar sangarta ake isa nan: yawan bulala, zagi a gaban tsara, rashin mai jan sa a jiki, ko yawo daga hannu zuwa hannu bayan rabuwar aure. Dokar da za ta saita sangartacce ƙara bushe wa kangararre zuciya take yi. Shi abin da yake bukata babba guda ɗaya ne wanda yake jin nauyinsa, da wani aiki na amana da za a damƙa masa, ko da ƙarami ne, a kuma yaba masa in ya cika.

Fitsararre ciwonsa a baki da ido yake. Yana iya zuwa aike, yana iya ƙoƙari a aji, amma zai tsare babba da ido ya mayar masa da baƙar magana, ko ya furta abin da ba ya faɗuwa. Wannan daga kunne take shiga. Yaro ɗan shekara uku ya yi ashar, manya su tuntsure da dariya har su ce ya maimaita, to an shuka ta ke nan.

Akwai na huɗu da ba ki ambata ba, kuma shi ya fi yawa a shekarun ɗalibanki, wato fanɗararre. Fanɗarewa kauce wa hanya ce, ke nan dā yana kanta. Sanadin yawanci daga waje yake zuwa, abokai da shaye-shaye da zaman kashe wando. Alamunsa a fili suke ga mai lura: sababbin abokan da ba ya son a gan su, barci ya juye ya koma na rana, ƙananan kaya sun fara ɓacewa a gida, maki ya zube a zango ɗaya. Ba ƙaramin al'amari ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. A shekarar ce kuma gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Yaron da ƙwaya ta riga ta kama jikinsa, nasiha kaɗai ba ta isar masa, sai an haɗa da likita.

Gagararre shi ne hukuncin ƙarshe, wanda ya gagari kowa. Kada malami ya yi saurin liƙa wa yaro wannan suna, domin yara kan zama abin da aka yi ta kiran su da shi.

Wani magidanci ya ce: "Malam, ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ashe ba duka ake nufi ba? Kuma me ya sa ake kiran wasu gidajen horo gidan mari?"

Alhaji, aikatau ɗin karin maganar ya riga ya ba ka amsa. Tanƙwara aka ce. Mai tanƙwara icce a hankali yake lanƙwasa shi, ya ɗaure, ya bar shi kwanaki ya bi siffar da ake so. In ya fisge shi lokaci ɗaya, tsagewa zai yi ko da ɗanye ne. Saƙon karin maganar a kan lokaci yake, wato a fara da wuri, kamar 'yar'uwarta da ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kalmomi uku ne ake cakuɗawa a nan. Tarbiyya daga Larabci take, daga tushen da ke nufin raya abu har ya girma, don haka ta ƙunshi ciyarwa da koyarwa da nuna misali, aikin shekaru. Horo sabawa ce ta hanyar maimaici, shi ya sa ake horar da doki, ake horar da soja. Ana kuma amfani da shi da ma'anar hukunci. Ladabtarwa kuma daga ladabi take, shi kuwa ladabi asalinsa al-adab ne, harafin l na Larabci ya manne masa kamar yadda ya manne a littafi da labari da lissafi. Asalin ladabtarwa ke nan koyar da ladabi. Yau in ka ce "zan ladabtar da shi", kowa bulala yake hangowa. Biyu daga cikin ukun nan sun tsuke sun koma duka a bakinmu, kuma hakan yana nuna abin da ya faru a gidaje.

Masu kafa hujja da hadisin da ya ce a umarci yara da salla suna 'yan shekara bakwai, a doke su a kanta suna 'yan goma, sukan tsallake shekara ukun da ke tsakani, waɗanda na koyarwa da haƙuri ne zalla. Malaman fiƙihu kuma sun gindaya sharaɗi: ba a fuska ba, ba mai raunatawa ba.

Game da gidan mari, kalmomi biyu ne da rubutunmu na yau da kullum ba ya bambanta su. Marin da ake yi da tafin hannu ana jan wasalinsa na farko. Marin da ake nufi a nan ba a jan sa, shi ne ƙarfen da ake sa wa mutum a ƙafa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da fiye da mutum 300 daga wani irin wannan gida a Kaduna, cikinsu har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu su. Duk uban da ɗansa ya kai shi bango, ya san cewa mari yana tsare ƙafa ne kawai, ranar da aka kwance shi dalilin da ya kangarar da yaron yana nan.

Wani matashi ya rubuto da ɗan zafi: "Malam, karin maganar Hausa duk bayan manya take bi. Bin na gaba bin Allah. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu ba mu da ta cewa ke nan?"

Ɗana, waɗanda aka fi karanta muku ke nan, amma ba su ke nan ba. Hausawan da suka faɗi waɗannan su ne suka ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa. Dubi yadda aka jera su, na babba aka fara ambata. Yaro yana zuwa aike, babba yana buɗe hannu, kowa da nasa haƙƙi, kuma rowa ba ta tsaya ga kuɗi ba, akwai rowar lokaci da rowar sauraro. Su ne suka ce babba juji, wato girma ya ƙunshi shanye abin da aka zuba maka. Su ne suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wadda ake faɗa wajen yabo amma tana ci ta ɗaya gefen: uban da ke ƙarya a waya a gaban ɗansa, "ina hanya" alhali yana kishingiɗe, ya riga ya ba da darasi. Akwai kuma mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Masanin nan Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ko ɗaya a ciki da aka keɓe wa yaro shi kaɗai. Mutunci ma, a asalin amfaninsa, har da kiyaye darajar na ƙasa da kai, shi ya sa cin mutunci laifi ne ko yaro aka yi wa. Sai dai kada wannan ya sa ka yar da ta rimin. Tana magana ne a kan gogewa, kuma a kan abokin banza da bashi da gaggawar aure, wanda ya riga ka gani ya riga ka sani. A kan abin da ke cikin wayarka kuwa kai ne a saman rimin, don haka ka nuna wa iyayenka abin da ƙannenka ke kallo.

Tambaya ta ƙarshe daga wata uwa ce: "Malam, ana ta cewa kunya ta ƙare, kuma ɗa na kowa ne ya zama tarihi. Mece ce kunyar nan takamaimai, kuma za a iya dawo da ita?"

Hajiya, kunya a Hausa ba ta tsaya ga nauyin baki kawai ba. Akwai kunyar da ke hana mutum aikata abin da zai zubar masa da daraja ko ba wanda zai hukunta shi, ita ce ake nufi da tsoro na daji, kunya na gida, ita ce kuma hadisi ya kira reshe na imani. Akwai kara, wato barin abin da kake da iko a kansa don ganin idon wani. Akwai kawaici, ka gani ka yi kamar ba ka gani ba don kada ka tozarta mutum. Akwai ta ido, wadda ta fi su rauni, domin tana aiki ne muddin ana kallo. Yaron da aka rena da ta ido kaɗai, ranar da ya sami waya da ɗaki shi kaɗai ba abin da ya rage masa. Kunyar da ke zama ita ce wadda aka haɗa da dalili: a gaya wa yaro wa abin zai cutar, kuma ta yaya.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, ita kanta kunyar tana da hannu a matsalar yau. Tsarin dā ya raba aiki. Iyaye suna kunyar 'ya'yansu, musamman ɗan fari, ba sa sakewa da su, amma akwai kaka da ake wasa da ita, akwai gwaggo da kawu da za su zaunar da yaro su gaya masa maganar balaga da ta abokai ba ɓoye-ɓoye. Yanzu gidaje sun tsuke, miji da mata da 'ya'yansu, dangi suna nesa. Kunyar ta zauna, masu cike gurbin sun tafi, sai aka bar yaro da tsararsa da intanet. Har ta kai yarinya a cuce ta, ta kasa gaya wa uwarta. Uwar da ta san ba za ta iya wannan magana ba, wajibi ne ta zaɓi mace guda amintacciya ta ɗora mata aikin a fili, kafin yarinyar ta kai shekara goma, uba ma ya yi wa ɗansa haka.

Ita kuwa ɗa na kowa ne, rabinta kike ji. Cikonta shi ne mugu sai mai shi. Ba ta taɓa nufin kowa ya ɗauki bulala a kan ɗan wani ba. Ma'anarta ɗa nagari kowa na son a danganta shi da shi, kowa kuma yana da haƙƙin tsawata masa, amma in ya lalace iyayensa ake bar wa. Abin da ya kashe rabin farkon sananne ne: maƙwabci ya kwaɓi yaro, uwa ta fito ta wanke shi tas a gaban yaron. Daga ranar maƙwabcin ya kama bakinsa, yaron kuma ya gane cewa babu mai iko da shi a waje. Abin da magabata ke nufi da ka so naka duniya ta ƙi shi ke nan. In aka kawo miki ƙarar ɗanki, ki yi godiya a gabansa ko da kina ganin an zaƙe, ki saurari nasa bayanin bayan mai ƙarar ya tafi, in akwai gyara ga babban ki same shi ku biyu. Ki kuma zaɓi maƙwabta biyu ko uku da kika yarda da halinsu, ki gaya musu a kunnen yaran cewa kin ba su izinin tsawatarwa da baki, hukunci kuwa su kawo miki gida.