Zato daban, wariya daban

Ka tambaya ko wariyar launin fata ce a ga mutum fari a ce ba ɗan Nijar ba ne. Malam, zaton farko kuskure ne kawai. Amma in ya faɗa maka garinsu ka ƙi yarda, ko ka ware shi saboda fatarsa, to ta zama wariya.

Maƙwabcina a Zango Ba'abzine ne, nan Damagaram aka yanke masa cibiya, ya fi ni iya Hausa ma. A hanyar Tanut, mota cike maƙil, shi kaɗai aka sauke. Ya miƙa takardarsa ta ɗan ƙasa, aka jujjuya ta, aka ce, "To, asalinka fa?" Har muka isa bai sake cewa uffan ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.