An ce ciwon damuwa gare ni amma an hana ni magani

Tambaya: Salam Likita, dan Allah a sakaya sunana. Kusan wata biyu kenan komai ya fita a raina, abinci ba daɗi, barci rabi da rabi, ko hira da ƙawaye ba na so. Na je asibiti aka ce ciwon damuwa ne amma bai yi nisa ba, ko ƙwaya ɗaya ba a rubuta min ba, wai in dawo bayan sati biyu. Anya ba raina min hankali aka yi ba?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, sannu, Allah ya yaye miki. Gaskiya likitanki bai yi kuskure ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da take bayarwa kenan, in ciwon bai yi tsanani ba ba a fara wa da ƙwaya, saboda amfaninta a wannan matakin kaɗan ne ga kuma laulayinta, tashin zuciya, rikicewar barci, wasu har sha'awa ta ragu.

Abin da ya fi aiki shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, ku riƙa bin tunanin da ke danne ki ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma ki koma kan abubuwan da kika watsar tun kafin ranki ya so, ki rubuta a takarda: gobe da safe wanka, tafiyar minti 30, kiran ƙawa ɗaya. Kar ki jira sai kin ji ƙarfi, ƙarfin daga baya yake zuwa. Lokacin kwanciya da na tashi ma ki tsayar da shi.

In kin koma ki nemi a duba jininki, ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo sukan kawo irin wannan kasalar. In makonni suka wuce ba sauƙi, ko kin taɓa yin mai tsanani a baya, to nan ne ake kawo magani irin su fluoxetine ko sertraline, yana ɗaukar sati 2 zuwa 6 kafin a ji aikinsa, a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, kuma ba a yanke shi lokaci ɗaya. Dan Allah banda tramadol ko maganin barci da wani zai miƙo miki, ƙara dagula lamarin suke yi.

Amma in tunanin kashe kanki ya zo miki ko sau ɗaya ne, kar ki jira sati biyun nan, ki faɗa wa wani na kusa da ke ya raka ki asibiti a ranar.