Tambayi Likita: Matashi ma yana iya kamuwa da sankarar hanji?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Shekarata 34. Wata uku ke nan ina ganin jini jefi-jefi a bayan gida, na sha maganin basir iri-iri, ba sauƙi. An gano sankarar hanji a jikin mahaifinmu yana ɗan shekara 46, ita ce kuma ajalinsa. Abokaina sun ce ciwon tsofaffi ne. In kwantar da hankalina?
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Kada ka tsaya, ka ga likita a makon nan. Mai yiwuwa basir ɗin ne, amma ba a gane haka sai an duba. Sankarar babban hanji da dubura tana ƙaruwa a tsakanin 'yan ƙasa da shekara 50, shi ya sa a 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wasiƙarka shi ne mahaifinka. Wanda uwa, uba, ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kusan ninka na sauran mutane. Ƙa'ida ita ce ya fara gwaji yana shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya fara zuwa cikin biyun. Kai ke nan shekara 36, in da ba ka ganin komai. Tunda kana zubar da jini, lissafin ya faɗi. Akwai kuma ciwon gado mai suna Lynch, wanda ke jawo sankarar hanji da ta mahaifa tun da ƙuruciya; masu shi ana fara duba su tsakanin shekara 20 zuwa 25. Ka tambayi manya a dangi ko akwai wanda ya yi irin waɗannan, ka kuma sanar da yayye da ƙanne.

Bayan gado, cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin akwai kumburin hanji mai daɗewa, mai zuwa da zawo da jini shekara da shekaru. Sai ƙiba, musamman teɓa, ciwon suga, yawan zama ba motsi, sigari da giya.

Batun abinci kuwa, a 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, irin na gwangwani da sosej, cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo: giram 50 a kullum na ƙara haɗari da kusan kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kada ya wuce rabin kilo dafaffe a mako, a kuma guji tsiren da ya ƙone ya yi baƙi. Wake, zogale, rama, kuɓewa da hatsin da ba a surfe dusarsa duka ba suna taimaka wa hanji.

A asibiti za a duba dubura da yatsa, a auna jini don ganin ko ya ragu, sannan a zura siririn bututu mai kyamara a leƙa babban hanjin gaba ɗaya. Kwana ɗaya kafin nan za ka sha maganin wanke ciki. In ba a sha shi duka ba, kashi yana rufe wurin har a kasa ganin tsiro. Yawanci ciwon yana farawa ne da ɗan tsiro wanda kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe, kuma ana iya cire shi nan take. Ka faɗa wa likitan in kana rama, ko yawan gajiya, ko yunƙurin bayan gida ba ya ƙarewa, ko kashin ya sirance.