Kanar, laftanar da kalmomin da rubutunsu ke yaudarar mutum

Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya: Malam, me ya sa ake rubuta colonel amma in Bature zai faɗa sai ka ji kamar "kanal"?

To ɗana, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Asalin kalmar daga Italiyanci take, colonnello, wato jagoran jerin sojoji, da ta shiga Faransanci sai ta koma coronel, a haka mutanen Ingila suka ɗauko ta a ƙarni na 16. Daga baya masu alƙalami suka mayar mata da harafin l don ta yi kama da tushenta, amma bakin jama'a ya ƙi sakin tsohon furucin. Abin da ke ba ni haushi shi ne ka ga mutum da digirinsa ya miƙe a taro yana wani "kolonel", alhali kakanninmu da suka yi soja tun zamanin Gwamna Lugga har zuwa yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, da yawansu ko bihim ba su sani ba a boko, kunne kawai suka sa suka ce kanar, kuma wallahi sun fi shi kusa da daidai. Ai dama kunne ya girmi kaka. Haka lieutenant, Ingila "leftenant" suke cewa, shi ya sa muke da laftanar, "lutenant" ɗin da yaran yanzu ke kwasowa a finafinai na Amurkawa ne. Ba laifi ba ne, amma dai mutum ya san na wa ya ara.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce ta ci karo da defenestration.

Jefo mutum ta taga ke nan, 'yata. Kalmar ta yi suna ne saboda abin da ya faru a birnin Prague, babban birnin ƙasar Czech a yau, a 1618, inda aka wurgo wakilan sarki biyu da magatakardansu daga tagar fada, abin mamaki duk suka rayu, rikicin kuma ya zama mafarin yaƙin shekara 30 a Turai. Kar ki sa ta a hira, ba mai gane ki.

Mai tambaya a kan quay: "kii" ake cewa, bakin ruwa ne inda jirgi ke tsayawa a sauke kaya.

Shi kuma na Maraɗi da ya tambayi plumber, wato mai gyaran famfo, harafin b ɗin nan ado ne kawai, ka ce "plama" ka wuce.