Tambaya da Amsa: Ko mu yafe masa?

Malam, ni mazauniyar Shara Mansur ce a Makka. Abokin cinikin yayana, wanda suke cin abinci a kwano ɗaya, ya yaudare shi zuwa wani kango a Jidda, wai su raba kuɗin kaya, ya kashe shi. Har zaman makoki ya zo yana share hawaye. 'Yan sandan bincike suka gano shi ta kiran waya na ƙarshe da kyamarar wani gidan mai. Yanzu danginsa na kawo mana maganar diyya. Mu karɓa?

Amsa: Allah ya jiƙan yayanki, 'yar'uwa. Wannan hawayen nasa ya fi komai ƙona mini rai. A kisan ganganci, magada ke zaɓar ƙisasi, diyya ko yafiya. Amma wanda aka yaudara bayan ya amince, aka kashe shi don dukiya, wannan shi ne "gila" a Larabci, wato kisan gilla. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ɗauke shi haddi, wato hukuncin da shari'a ta ƙayyade, tun 1395 Hijira, kamar ra'ayin Malikiyya, kuma yafiyarku ba ta kuɓutar da makashin. Alƙali ne zai tantance. Kada ku sa hannu a kowace takarda kafin ku ga lauya.