Me ya sa mura ta kwantar da Baba, jikokinsa kuwa suka miƙe?

'Yar'uwa, kin ce mura mai zazzaɓi ta shiga gidanku, yara sun warke cikin mako guda, Baba kuwa har yau numfashi da ƙyar. Tsufa ne. Da shekaru suka ja, jiki yakan yi jinkirin ƙera sinadaran garkuwa, kuma ba ya yin su da yawa. Sannan ya fi tuna irin murar da ya fara haɗuwa da ita a ƙuruciya, alhali ƙwayar tana sauya kama kowace shekara. Wannan tunin ne ma ya ɗan kare tsofaffi a annobar mura ta shekarar 2009. Don Allah ku kai shi asibiti yau, kada ta zame masa ciwon huhu. Allah ya ba shi lafiya.