Amsa ga ƙanwata da silayid ɗinta suka hargitse

Ƙanwata, tambayarki ta taɓo min tsohon miki. Kin ce kin haɗa silayid 45 na kare aikin digirinki, kin buɗe a kwamfutar ƙawarki kin tarar layuka sun hau kan juna, haruffa masu lanƙwasa sun rikiɗe, ga shi saura mako guda. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru.

Ni a kan karin magana na yi nawa aikin. Na yi amfani da tsohon font ɗin Hausa ɗin nan da ke yawo a shagunan buga takardu, wanda idan kin danna } yake ba ki ƙ, idan kin danna ] ya ba ki ɗ. A laftof ɗina komai tsaf. Ranar karewa na shiga ɗakin da sassafe, na roƙi mutumin da ke kula da majigi ya bar ni in jona tawa. Ya ce ba a yi. Na ce to bari in buɗe in duba a tasu. Ya ce makulli ba ya hannunsa, alhali ina kallonsa yana kaɗa shi a yatsa yana cin ƙosai. Sai da malamai suka zauna ya karɓi filash ɗina. Shafin farko ya fito a bango, ƙato: "}ai}ayi koma kan mashe}iya". Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya cire tabarau ya ce, "Malama, wannan wane harshe ne?" Aka yi dariya. Shi kuma mai majigin har da riƙe ciki, shi da ya hana ni dubawa. Daga baya ma cewa ya yi ai ɗalibai ne ba sa shiri. Na yafe masa don Allah, amma har yau idan na ji ƙamshin ƙosai da yaji sai ranar ta dawo min.

To ki fara duba ko irin font ɗin nan ne a naki. Idan shi ne, ki daure ki sake buga haruffan da allon rubutun Hausa na gaskiya. Windows na da shi, Gboard ma na da shi a waya. Sannan ki mayar da rubutun Arial ko Times New Roman, su kusan kowace kwamfuta na da su. Hawan layukan ma yawanci daga nan yake, don idan kwamfutar ba ta da font ɗinki sai ta zaɓi wani da kanta, faɗinsa kuma ba ɗaya ba. A PowerPoint na Windows ki shiga File, Options, Save, ki sa alama a Embed fonts in the file, sai ya tafi da font ɗin a cikinsa. Ba kowane font ke yarda ba, shi ya sa ni yanzu ba na fita sai da kwafin PDF. Shi ba ya motsi ko an kai shi ina. Ki sa a filash, ki tura wa kanki ta imel, ki ajiye a waya.

Amma 45 ɗin nan, haba ƙanwata! Minti nawa za su ba ki? Guy Kawasaki, wanda ya taɓa aiki da Apple, yana da ƙa'idar da ya kira 10/20/30: silayid 10, minti 20, girman rubutu kada ya gaza 30. Don masu neman jari ya tsara ta, ban ce dole ki tsaya a 10 ba, amma 30 ɗin nan ki riƙe. Da kin ƙara girman rubutu za ki ga babin nazarin ayyukan magabata ba ya shiga, kuma dama sun karanta shi a kundin. Ni nawa na kwashe sakin layi sukutum na zuba, na juya musu baya ina karantawa, murya na rawa.

Af, ki tambayi irin wayar majiginsu, VGA ce ko HDMI, don laftof na yanzu da yawa ba su da ramin VGA. Tun daga PowerPoint 2013 shafi a 16:9 (mai faɗi) yake fitowa, tsofaffin majigi kuwa 4:3 ne (ba su kai shi faɗi ba), sai ki ga rubutu ya ƙanƙance. Idan aka jefo miki tambaya ki danna B, allo ya yi baƙi su dube ki. Idan suka ce koma tebur kaza, buga lambar shafin ki danna Enter, ba sai kin yi ta komawa baya ɗaya-ɗaya ba.

Kuma ki ci abinci kafin ki shiga. Ni da azumin dole na je, ga wuta an ɗauke ana tsakiyar babi na huɗu, sai da aka tada janareto. Ki buga silayid ɗin a takarda ko kwafi biyar ne saboda haka. Ki je ɗakin ana gobe, da filash ɗinki, kuma idan mai makulli ya fara miki hanya-hanya kada ki tsaya roƙonsa kamar ni, wuce kai tsaye wurin malamin da ke duba aikinki.